TARIHIN GUJIYA DA DAKUWAR YARA

Jama'a, kowa ya san wasan tuwon ƙasa. Yarinya za ta samo gwangwani, ta zuba ƙasa da ruwa, ta tuƙa, ta ce ta gama tuwo. Daga nan koyon girki yake farawa. In ta ƙara wayo, sai uwa ta zaunar da ita kusa da turmi, ta ba ta aikin da hannunta zai iya. Sau da yawa aikin nan na farko ɓarar gujiya ne, wadda wasu ke kira gyaɗa. To, gujiyar nan da yara ke ɓara, daga ina ta fito?

Gero namu ne tun fil'azal. Masu bincike sun tono alamunsa a kwarin Tilemsi, cikin ƙasar Mali, alamun da suka kai shekara 4500. Wake da ƙwaruru su ma ƴan Afirka ne. Amma gujiya baƙuwa ce. Asalinta Amurka ta Kudu. Turawan Fotugal ne suka kawo ta gaɓar tekun Afirka cikin jiragen ruwa, wajen shekara 500 da suka wuce. Daga bakin teku ta yi ta bin hannun fatake da manoma har ta iso mana.

Jiragen nan ba su koma wofi ba. Bayi suka kwasa. Matan da aka tafi da su sun tafi da sanin suyar ƙosai a kansu. Har yau ana soya shi a Bahiya, cikin ƙasar Birazil. Suna ce masa akaraje, daga sunansa na Yarabanci, akara.

Kakanninmu sun karɓi gujiya da sauri, don sun riga sun saba da ƙwaruru, mai zuba ƴaƴa cikin ƙasa kamar ta. Mata kuma suka gano amfaninta. Su soya, su niƙa, su matse mai. Tunkuzar da ta rage su yi ƙuli-ƙuli da ita. Su dama kunu, su kirɓa dakuwa. A lokacin nan gujiya ta ciki ce, ba ta sikeli ba.

Zuwan Nasara ya sake lamarin. A 1912 jirgin ƙasa ya fara kwasar kaya daga Kano zuwa teku, cinikin gujiya ya buɗe. Bayan haka nomanta ya bazu a ƙasashen Magarya, Matamai, Tasawa da Maraɗi. Talaka yana buƙatar kuɗin lanho, kamfanonin Turawa suna buƙatar mai da sabulu. Sai gujiya ta zama amfanin sayarwa. Bayan samun mulkin kai, a 1962, gwamnati ta kafa kamfanin Sonara don sayenta. An yi gidajen matsar mai a Maraɗi, Matamai da Magarya. A shekarun nan, kafin a fara haƙar yuraniyom a Arlit a 1971, gujiya ce babban abin da Nijar ke sayarwa waje.

Sai fari ya zo, ya tsananta a 1973. A 1975 kuma ɗarɓa ta faɗa wa gonaki, ta yaɗa cutar da ke tsumburar da gujiya. Manoma da yawa ko iri ba su maida ba. Suka juya ga wake. Sikeli ya yi shiru, daga baya Sonara ma ta rufe. Amma turmin mata bai yi shiru ba. Ƙuli-ƙuli da mai na gida suka ci gaba da riƙe iyalai masu yawa.

Ga abin mamaki. A 1996 wani likitan Faransa, André Briend, da abokin aikinsa Michel Lescanne, suka haɗa wani abinci don yara masu tamowa. Sunansa Plumpy'Nut. Me ke cikinsa? Niƙaƙƙiyar gujiya, garin madara, sukari, mai, da sinadaran gina jiki. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, mafi yawansu a jihar Maraɗi, da irin wannan abinci. Daga baya aka fara yin sa a Yamai. Ashe abin da muka riƙa aunawa muna kai wa Turawa, shi ne ya dawo cikin leda yana ceton ɗiyanmu.

Mu lura da kyau. Dakuwa ba za ta maye gurbin wannan magani ba. Yaron da ya rame ƙwarai, ko ƙafafunsa suka kumbura, gidan likita za a kai shi ba da jinkiri ba. Amma abincin gida mai kyau yana taimakawa kada yaro ya kai ga haka. Ga iri biyu masu sauƙi da za ki yi tare da yaranki.

Na farko dakuwa. Ki auna gwangwani 2 na gujiya, da 1 na surfaffen gero. Kowa ya wanke hannu da sabulu. Yara su ɓare gujiyar, su tsince. Duk ƙwayar da ta yi baƙi, ko ta yi hunhuna, ko ta yanƙwane, a zubar, don tana ɗauke da dafi mai lalata hanta. Ke za ki soya gujiyar da geron, kowanne daban. In sun huce, yara su murje jan ɓawon, su hure a faifai. Ki daka geron ya yi gari, ki tankaɗe. Ki kirɓa gujiyar har ta fara fid da mai. Ki haɗa su, da sukari kaɗan, gishiri kaɗan da ɗan citta, ki sake kirɓawa. Mulmulawa aikin yara ne. Su ƙirga abin da suka mulmula, ga lissafi ya shigo.

Na biyu kunun gujiya. Ki dama cokali 2 na niƙaƙƙiyar gujiya cikin ruwa mai tsabta. Yaro ya riƙe rariya ki tace. Ki ɗora a wuta ya tafasa sosai, ki zuba gasarar gero kina motsawa har ya yi kauri. In ya huce, yaro ya matsa lemun tsami. Kunun nan ya dace da jariri daga wata 6, tare da nonon uwa. Kafin wata 6, nono kaɗai.

Wuta, ruwan zafi da mai mai zafi aikin manya ne. Kada kuma a ba ƙaramin yaro ƙwayar gujiya ɗungurungum, don tana iya shaƙe shi.

Ƴan'uwa manoma, in kaka ta yi, kada mu kai gujiya kasuwa duka. Mu busar da ita sosai, mu ware tiya kaɗan ta yara. Koyon kuma ba na ƴan mata kaɗai ba ne. Yaron da ya iya dama kunu ba zai kwana da yunwa ba ranar da ya tafi cin rani. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.