Kama haya a unguwannin GRA na Ibadan: abin da ya kamata ɗan Sabo ya sani kafin ya biya kuɗi

A 'yan shekarun nan mutanenmu da dama da Allah Ya buɗa wa a Ibadan, 'yan canji, 'yan kasuwar Bodija da ma'aikata, suna neman gidajen haya a wajen Sabo. Iyali sun yi yawa, ɗakuna sun yi kaɗan, babu wurin ajiye mota, yara babu filin wasa. Inda ido ya fi kaiwa shi ne tsofaffin unguwannin Turawa masu itatuwa, wato Jericho, Onireke, Iyaganku da Agodi, sai kuma Tsohuwar Bodija. Na zauna haya a irin wannan unguwa, na kuma raka 'yan'uwa da dama ganin gida, shi ya sa na tattara abin da na sani wuri guda. Mazauna Legas, Fatakwal, Inugu da Binin ma za su ga yawancin bayanin ya shafe su, domin GRA ɗinsu asali ɗaya ne.

Asalin waɗannan unguwanni

Turawan mulkin mallaka ne suka ware su domin jami'ansu. A tsarin zamanin Lugga, akan bar fili na yadi 440 babu gini tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa, wai don gudun zazzaɓin cizon sauro. Daga nan aka samo manyan filaye, gida ɗaya a tsakiyar fili, ɗakunan barori a baya, da itatuwa a jere bakin titi. Ita kuwa Sabo an kafa ta wajen 1916, shekaru kaɗan bayan jirgin ƙasa ya iso Ibadan a 1901, domin Hausawa fataken goro da shanu. Ke nan mun fi shekara ɗari muna maƙwabtaka da waɗannan unguwanni, sai dai a da gadi da aikin lambu ne ke kai namu can.

Jericho ta fi sauran duhuwar itace, domin a nan ne hedikwatar cibiyar binciken gandun daji ta ƙasa take, wadda aka fara a 1954, ga kuma cibiyar binciken kayan lambu a Idi-Ishin. Onireke tana da filin wasan golf, ita ce kuma mafi kusa da Sabo da Dugbe. Iyaganku tana gefen Dugbe, kusa da kotuna da ofisoshin 'yan sanda. Agodi tana kusa da Sakatariya, Gidan Gwamnati da asibitin koyarwa na UCH. Tsohuwar Bodija rukunin gidaje ne da gwamnatin Jihar Yamma ta fara a 1959, kuma ta fi dacewa da wanda harkarsa ke kasuwar Bodija.

Irin gidajen da za ka samu

Kashi uku ne. Akwai tsohon gidan Turawa ko na manyan ma'aikata, mai faɗin fili da manyan itatuwa, amma rufi da wayoyin wuta da famfo duk sun tsufa. Akwai BQ, wato ɗakunan bayan gida, ɗaki ɗaya ko biyu da kicin da banɗaki. Shi ne mafi sauƙin kuɗi, ya dace da ango da amarya ko gwauro, sai dai kana zaune ne a idon mai gida, ƙofa ɗaya kuke shiga. Sai sababbin benaye da fulat-fulat da ake ginawa bayan an rushe tsohon gida an yanka filin gida huɗu ko shida. Waɗannan sunan GRA kawai suke ci. An sare itatuwan, an shafe tsakar gidan da siminti, zafin rana yana nan kamar ko'ina. In inuwa ce ta kawo ka, ka duba ko itatuwan a filin gidanka suke ko a na maƙwabci, domin na maƙwabci ana iya sayar da filin baɗi a sare su, kai kuma kana biyan kuɗin inuwar.

Daɗin itace da wahalarsa

Daɗin a fili yake. A watan Fabrairu da Maris, lokacin da kwanon Sabo ke tafasa, gidan da ke ƙarƙashin mangwaro, malaina da darbejiya yana da sanyi har da rana tsaka. Ƙura kaɗan ce, ƙarar mota kaɗan ce, yaro yana iya karatu da dare.

Wahalar kuma sai damina ta faɗi. Ruwan farko na Maris da Afrilu da iska mai ƙarfi yake zuwa, kuma tsohon itace yana yar da reshe a kan rufi, a kan mota, ko a kan wayar wuta, unguwa ta kwana biyu a duhu. Ganye yana toshe indararo, ruwa ya koma cikin silin. Saiwa tana fasa katanga, tana shiga sokawe da bututun ruwa. Damina a nan tana kaiwa har Oktoba, ɗakin da rana ba ta shiga sai ka ga bango ya yi baƙi, tufafi da takalma sun yi fumfuna a cikin kabad. Ga gara mai cin katakon rufi da ƙofofi, ga sauro, ga kwarkwasa, wani lokaci har maciji in ciyawa ta yi tsawo.

Saboda haka ni shawarata, ka je ganin gida bayan an yi ruwan sama. Ɗaga kai ka dubi silin ko akwai tabon yoyo. Ƙwanƙwasa katakon ƙofa, in ya yi ƙarar fanko to gara ta riga ka shiga. Dubi tagogi ko akwai ragar sauro. Dubi inda ruwa ke bi in ya fita daga gidan. In gidan a gangare yake kusa da rafi, tambayi mai gadi ko mai kanti na kusa yadda aka yi a ambaliyar 26 ga Agusta 2011, wadda ta yi ɓarna sosai a wajajen Eleyele, Apete da Odo-Ona. Ejan ba zai faɗa maka ba, maƙwabci zai faɗa.

Kuɗin da ke bayan kuɗin haya

Haya a nan ta shekara ce, a biya gaba ɗaya kafin a ba da makulli. A kan wannan akwai kuɗin ejan da kuɗin lauya na rubuta yarjejeniya, waɗanda aka saba lissafawa kashi 10 cikin 100 kowanne, wasu kuma su nemi fiye da haka. Akwai kuɗin ajiya na gyaran abin da ka lalata, wanda ya kamata a mayar maka ranar tashi. Ka ce a rubuta maka kowanne daban, kada ka yarda da dunƙulallen adadi guda, kuma duk abin ciniki ne.

Bayan ka shiga akwai kuɗin ƙungiyar unguwa na masu gadi da gyaran get, kuɗin kwashe shara, kuɗin mai yankan ciyawa da feshin magani. Ruwan famfon gwamnati ba abin dogaro ba ne, kusan kowane gida da rijiyar burtsatse yake, to ka tambayi wa ke gyara injin in ya ƙone. Wuta kuma ka tambayi rukunin da layin yake. Tun Afrilun 2024 da aka ɗaga kuɗin rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit, gidan da ke kan irin wannan layi yana samun wuta sosai amma kati yana ƙarewa kamar ruwa. Ka tabbata mitar mai kati ce, taka ce kai kaɗai, kuma ka sa a duba maka ko akwai tsohon bashi a kanta, domin kamfanin wuta zai riƙa cirewa daga duk abin da ka saya.

Wa ke da ikon ba ka gidan?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cin kuɗin mutane. Yawancin tsofaffin gidajen nan masu su sun rasu, suna hannun magada, wasu a Legas, wasu a Ingila ko Amurka. Ɗa ɗaya yana iya karɓar kuɗinka, wata uku 'yan'uwansa su zo da takardar kotu. Ka nemi ganin takardar da ta ba mutum izinin ba da haya a madadin iyali, ka sa lauyanka ya duba, ba lauyan mai gida ba. Kada ka biya tsaba. Ka tura ta banki zuwa asusun mai sunan da ke kan yarjejeniya, ka karɓi rasit mai ɗauke da adireshin gidan da ranar farawa da ta ƙarewa. Ejan da ya ce ka biya yau-yau domin wani yana tafe da kuɗi, bar masa gidansa.

A Sabo mun saba da wani tsari daban. Tun zamanin fatauci maigida ne ke saukar da baƙo, ya tsaya masa, in rigima ta taso a je fadar Sarki a sasanta. Wani masani, Abner Cohen, ya rubuta littafi guda a kan wannan tsari na Sabo a 1969. To a GRA babu wanda ya san babanka. Abin da aka rubuta aka sa hannu shi kaɗai ne zai tsaya maka.

Abin da za ka sa a rubuta

Wa ke da alhakin sassabe reshe da sare mataccen itace, kuma wa zai biya in ya faɗo a kan rufi ko mota. Wa ke gyaran yoyo, sokawe da maganin gara. Mutum nawa aka yarda su zauna, kuma yaya batun baƙi. Mu mutane ne masu baƙi, ƙani ya zo daga gida neman aiki, suruka ta zo ganin likita ta yi wata biyu, kuma wasu masu gida suna ɗaukar wannan saɓa yarjejeniya. Ka faɗi gaskiyar yawan iyalinka tun farko. Ka tambayi batun ɗaure ragon layya da yanka shi a cikin gida, da taron suna ko walima. Ka ɗauki hoton kowane ɗaki ranar shiga, shi zai dawo maka da kuɗin ajiyarka.

Batun tashi kuwa, in yarjejeniya ba ta faɗi wani abu daban ba, ɗan hayar shekara yana da wa'adin notis da doka ta tanada, na wata-wata yana da wata 1, sannan a ƙara takardar kwana 7 kafin a je kotu. Mai gida ba shi da ikon cire maka ƙofa ko kwashe maka kaya da kansa. Amma yawancin yarjejeniyoyi suna rage wannan wa'adi, to ka karanta wannan sashe sau biyu. 'Yan Legas su lura cewa dokar haya ta 2011, wadda ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya, ta cire Ikoyi, Victoria Island, Apapa da GRA ta Ikeja daga cikinta.

Zama da maƙwabta

Ka shirya wa tambayoyi. Tun fashewar 16 ga Janairu 2024 a Tsohuwar Bodija, wadda gwamnatin Oyo ta ce abubuwan fashewa ne da masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba suka ajiye a wani gida, ƙungiyoyin unguwa sun tsananta binciken sabon ɗan haya. Za a nemi katin shaida, shaidar sana'a, da wanda zai tsaya maka. Akwai kuma masu gidan da da zarar sun ji Bahaushe ne sai su ce an kama gidan. Yana faruwa, ba sai an ɓoye ba. Abin da na ga yana aiki shi ne ka je da takardunka a shirye, da abokin hulɗa ɗan gari da zai yi maka shaida. In an ƙi, ka nemi wani gidan. In ka shiga, ka riƙa zuwa taron unguwa, ka biya kuɗin gadi a kan lokaci, ka koyi gaisuwar Yarabanci, domin dattawan nan gaisuwa tana da girma a wurinsu. Yadda ka zauna shi zai buɗe ko ya rufe ƙofa ga ɗan'uwan da zai zo bayanka.

Ka lissafa kuma abin da za ka rasa. Masallaci ba a ƙofar gida yake ba, da wuya ka ji kiran sallar asuba. Islamiyyar yara tana Sabo, sai an kai su an ɗauko. Tasin Micra a babban titi take tsayawa, wasu layukan ana rufe get da dare, ana hana okada shiga. Uwargida da ta saba da maƙwabta ta katanga tana iya wuni ba ta ga kowa ba, kuma wannan kaɗaici ya mayar da iyalai da dama inda suka fito. Ka je da ita ganin gidan, ka ji ta bakinta.

Wanda yake da abin hawa, yake iya ɗaukar ƙarin kuɗin da na lissafa ba tare da ya taɓa jarinsa ba, Onireke ko Jericho za su ba shi sarari da sanyi, kuma cikin 'yan mintuna yana Sabo ko Dugbe. Wanda kuɗin haya kaɗai ya tara, gara ya ƙara haƙuri shekara guda, ko ya fara da BQ ya ga damina ɗaya tukuna.