Cikar alkawari a addinin Kirista

Cikar alkawari akida ce a addinin Kirista da ke cewa Allah ba ya saɓa maganarsa, kuma manyan alkawuran da ya yi wa Ibrahim, da Dawuda, da jama'ar Isra'ila ta bakin annabawa sun sami cikarsu a kan Yesu Almasihu, ko kuma za su cika a dawowarsa. Akidar tana tafiya kafaɗa da kafaɗa da batun amincin Littafi Mai Tsarki, domin Kiristoci da yawa suna kafa hujja da annabcin da suke ganin ya cika wajen nuna cewa littafin abin dogaro ne. Tun ƙarni na biyu ake muhawara a kan wannan hujja tsakanin Kiristoci da Yahudawa, daga baya kuma masana tarihi da malaman Musulunci suka shiga.

Kalmomi da asalinsu

Tsohon Ibrananci ba shi da kalma ta musamman mai ma'anar "alkawari" irin wanda mutum ke ɗauka da baki. Marubutan kan yi amfani da dabar ko amar, wato magana ko faɗa. A salon harshen, maganar da aka cika ana cewa an tsayar da ita, wadda ba a cika ba kuwa ana cewa ta faɗi ƙasa. Akwai kuma kalmar berit, wadda ke nufin yarjejeniya da aka ƙulla da rantsuwa. Girkancin Sabon Alkawari ya bambanta abubuwan biyu: epangelia ita ce alkawari, diatheke kuma ita ce yarjejeniya. Hausa ta haɗa su a kalma ɗaya, shi ya sa ake kiran ɓangarorin littafin biyu Tsohon Alkawari da Sabon Alkawari. Ita kanta kalmar alkawari aro ce daga Larabci al-ƙawl, wato magana, don haka ta bi hanyar ma'ana irin ta Ibrananci.

Kalmomin da Ibrananci ke siffanta amincin Allah da su, emet da emuna, sun fito ne daga saiwar ʼ-m-n mai ma'anar tabbata da kafuwa. Daga wannan saiwa ce aka sami "amin". Larabci yana da saiwar, kuma ta hanyarsa Hausa ta sami amana, imani da aminci.

Manyan alkawura a Tsohon Alkawari

Malaman tauhidi kan lissafa alkawura biyar. Na farko shi ne na Nuhu a Farawa sura 9, cewa ruwan tsufana ba zai sake hallaka duniya ba. Na biyu na Ibrahim ne a Farawa 12, 15 da 17, wanda ya ƙunshi zuriya, ƙasa, da albarka ga al'ummai ta dalilinsa. Na uku shi ne na Dutsen Sina'i a Fitowa 19 zuwa 24, wanda aka ɗaura shi a kan sharaɗin biyayya ga Shari'a. Na huɗu na Dawuda ne a 2 Sama'ila 7, cewa sarauta za ta dawwama a gidansa. Na biyar shi ne sabon alkawarin da aka ambata a Irmiya 31:31-34.

Alkawarin Dawuda ne ya fi shan jarrabawa. A wajen shekara ta 586 kafin Miladiyya, Nebukadnezzar sarkin Babila ya rushe Urushalima da Haikali, sarautar gidan Dawuda ta yanke. Littafin bai ɓoye wannan ruɗani ba: Zabura ta 89 ta fara da tuna alkawarin, ta ƙare da kuka cewa an watsar da shi. Daga wannan giɓi ne begen zuwan Almasihu, wato shafaffen sarki daga zuriyar Dawuda, ya ƙara ƙarfi a tsakanin Yahudawa.

Irmiya ya ambaci shekara 70 na mulkin Babila. Sairus sarkin Farisa ya ci Babila a 539 kafin Miladiyya, ya ba Yahudawa izinin komawa a 538, aka gama sake gina Haikali a wajen 516. Masu lissafi daga rushewar Haikali zuwa sake gina shi suna samun shekara 70, wasu kuma suna ɗaukar adadin a matsayin tsawon rayuwar mutum guda kawai. Littafin Daniyel sura 9 ya sake fassara adadin zuwa bakwai sau saba'in, abin da ke nuna cewa sake karanta tsohon annabci ya fara tun a cikin Tsohon Alkawari.

Cikawa a Sabon Alkawari

Linjilar Matiyu ce ta fi bayyana wannan tunani. A wurare kusan goma marubucin yakan ba da labarin wani abu a rayuwar Yesu, sannan ya ce hakan ya faru ne don a cika maganar wani annabi. Ya danganta haihuwa a Baitalami da Mika sura 5, dawowa daga Masar da Yusha'u 11:1, shiga Urushalima a kan jaki kuma da Zakariya 9:9. A Ayyukan Manzanni sura 8 an karanta Ishaya 53, babin bawan da ke shan wahala saboda laifin wasu, a matsayin bayanin mutuwar Yesu. Bulus kuwa ya yi jayayya a Galatiyawa 3 da Romawa 4 cewa alkawarin Ibrahim ya riga Shari'a zuwa, saboda haka waɗanda ba Yahudawa ba suna shiga cikinsa ta bangaskiya.

Masana sun lura cewa "cikawa" a nan ba koyaushe take nufin hasashen abin da zai zo ba. Ayar Yusha'u, alal misali, tana magana ne a kan fitowar Isra'ila daga Masar, abin da ya riga ya wuce. Matiyu ya ɗauke ta a matsayin zane wanda rayuwar Yesu ta maimaita. Wannan salon karatu, inda mutum ko abin da ya faru a dā ke zama inuwar na gaba, shi ne ginshiƙin wasiƙar Ibraniyawa.

Muhawarar Ishaya 7:14

Babu ayar da ta jawo gardamar fassara kamar wannan. A asalin mahallinta, annabi Ishaya yana magana ne da sarki Ahaz a wajen 734 kafin Miladiyya, lokacin da Suriya da masarautar Isra'ila ta arewa suka yi wa Yahuza barazana, ya ba shi alamar haihuwar wani yaro mai suna Immanuwel. Kalmar Ibrananci da aka kira uwar yaron da ita ita ce alma, wato matashiyar mace da ta isa aure. Ibrananci yana da wata kalma, betula, da aka fi amfani da ita ga wadda ba ta san namiji ba. Yahudawan da suka fassara littafin zuwa Girkanci kafin zamanin Yesu, a fassarar da ake kira Septuagint, sun zaɓi parthenos, wadda galibi ke nufin wadda ba ta san namiji ba, kuma wannan fassara ce Matiyu ya bi.

A tsakiyar ƙarni na biyu Jastin Shahidi ya rubuta muhawara da wani Bayahude mai suna Tirifo, inda wannan kalma ta kasance cikin abin da suka yi sa-in-sa a kai. Mafassaran Yahudawa na baya, irin su Akila, sun sauya ta da neanis, wato matashiya. Gardamar ta sake tashi a Amurka a 1952, lokacin da wata sabuwar fassarar Turanci ta sa "matashiyar mace" a ayar, har wani fasto ya ƙona shafin a bainar jama'a. Kalmar budurwa a Hausa tana iya ɗaukar ma'anonin biyu, don haka ba ta tilasta wa mai fassara zaɓi kamar yadda Turanci ke yi. Malaman Kirista da yawa a yau suna cewa ayar tana da cika biyu, ta kusa a zamanin Ahaz da ta nesa a haihuwar Yesu.

Annabcin da ake gardama a kansu

Maimaitawar Shari'a 18:21-22 ta sa ma'auni: annabin da maganarsa ba ta auku ba, ba Allah ne ya aiko shi ba. Sai dai Irmiya 18 ya ce hukunci ko alherin da aka sanar na iya sauyawa idan halin mutane ya sauya, kamar yadda littafin Yunusa ya nuna game da Nineba. Saboda haka masu sharhi ke raba alkawura zuwa masu sharaɗi da marasa sharaɗi.

Ezekiyel 26 ya sanar da cewa Nebukadnezzar zai rushe birnin Taya. An kewaye birnin shekara 13, amma Ezekiyel 29:17-20 ya yarda cewa sarkin bai sami ladan wahalarsa daga Taya ba. Masu kare annabcin suna cewa ya cika ne sannu a hankali, har zuwa cin birnin da Iskandari Mai Girma ya yi a 332 kafin Miladiyya. Masu suka kuwa suna ganin misali ne na annabcin da bai auku yadda aka faɗa ba.

Wata matsalar ita ce lokacin rubutu. Tun ƙarni na uku masanin falsafa Forfiri ya ce an rubuta Daniyel ne a zamanin sarki Antiyokus na Huɗu, a ƙarni na biyu kafin Miladiyya, bayan aukuwar yawancin abubuwan da yake bayyanawa. Jerom ya mayar masa da martani, amma yawancin masana tarihi na zamani sun karkata ga ra'ayin Forfiri. Haka kuma suke ganin Ishaya 40 zuwa 66, inda aka ambaci Sairus da sunansa, rubutun zamanin bauta a Babila ne da bayansa. Malaman bishara masu ra'ayin riƙau suna riƙe da tsohon lissafin.

Jinkirin dawowar Almasihu ma ya daɗe yana damun masu bi. Markus 13 ya haɗa rushewar Haikali, wadda ta auku a shekara ta 70 Miladiyya, da zuwan Ɗan Mutum, kuma 2 Bitrus sura 3 ta riga ta amsa wa masu ba'a da jinkirin. Ƙoƙarin sa rana ya sha jawo kunya, mafi shahara shi ne na mabiyan William Miller a Amurka, waɗanda suka jira ranar 22 ga Oktoba, 1844. A ƙarni na ashirin malamai irin su Oscar Cullmann da George Ladd sun yaɗa bayanin cewa mulkin Allah ya riga ya fara amma bai kammala ba.

Amincin nassi

Hujjar cikar alkawari tana buƙatar nassin ya iso yadda aka rubuta shi. Akwai rubutattun kwafin Sabon Alkawari na Girkanci fiye da 5,000. Ɗaya daga cikin mafi tsufa guntun Linjilar Yahaya ne da ke ajiye a Manchester, wanda ake dangantawa da ƙarni na biyu. Manyan kundaye biyu, Sinaiticus da Vaticanus, na ƙarni na huɗu ne. A 1947 aka fara gano naɗaɗɗun littattafai a kogunan Kumran kusa da Tekun Gishiri, cikinsu har da cikakken Ishaya da ya girmi kundin Leningrad na wajen 1008 da shekara fiye da dubu. Kwatanci ya nuna daidaito mai yawa, tare da bambance-bambancen rubutu da na wasu kalmomi. Duk da haka akwai wuraren da kwafi suka saɓa sosai: Markus 16:9-20 da Yahaya 7:53-8:11 ba sa cikin tsofaffin kundayen biyu, kuma Irmiya na Girkanci ya fi na Ibrananci gajarta.

Matsayin ɗariku

Agustin ya rubuta wa Jerom cewa idan ya ga abin da ya yi kama da kuskure a nassi, yakan ɗora laifin a kan mai kwafi, ko mai fassara, ko fahimtarsa. Cocin Katolika, a takardar Dei Verbum ta 1965, ta koyar da cewa littattafan suna koyar da gaskiyar da Allah ya nufa domin ceto ba tare da kuskure ba, tare da ƙarfafa lura da salon kowane marubuci. A 1978 malaman bishara fiye da 200 suka sa hannu a Sanarwar Shikago mai sharuɗɗa 19, wadda ta ce rubutun asali ba shi da kuskure har a batun tarihi. Wasu Furotesta sun tsaya a kan cewa littafin ba ya ɓatarwa a sha'anin bangaskiya da ɗabi'a. Karl Barth kuwa ya ɗauke shi a matsayin shaidar 'yan Adam game da Maganar Allah, wadda ita ce Almasihu.

Saɓanin yana da tasiri a siyasa. Mabiyan koyarwar John Nelson Darby, wadda bugun Littafi Mai Tsarki na Scofield na 1909 ya yaɗa, suna ganin alkawarin ƙasa ga zuriyar Ibrahim yana nan daram, kuma da yawansu sun ɗauki kafa ƙasar Isra'ila a 1948 a matsayin cikar annabci. Wasu majami'u, har da yawancin Kiristocin Falasɗinu, sun ƙi wannan karatu, suna cewa alkawarin ya faɗaɗa ga dukan al'ummai a cikin Almasihu.

Ra'ayin Yahudawa da Musulmi

Addinin Yahudanci bai yarda Yesu ne Almasihu ba, domin alamomin zamanin Almasihu, kamar zaman lafiya a duniya da tattara warwatsattun Isra'ila, ba su bayyana ba. Wannan na cikin hujjojin da Nahmanides ya kawo a muhawarar Barcelona ta 1263. Rashi da masu sharhi da yawa bayansa sun fassara bawan da ke Ishaya 53 da jama'ar Isra'ila.

Musulunci ya yarda da saukar Attaura, Zabura da Linjila, kuma yana kiran Annabi Isa da Almasihu, amma malamai sun yi magana a kan tahrifi. Wasu sun ce sauyin a fassarar ma'ana yake, wasu kuma, irin su Ibn Hazm na Andalus wanda ya rasu a 1064, sun ce ya shafi lafazin kansa. Malaman Musulunci da dama suna karanta Maimaitawar Shari'a 18:18 da alkawarin Mai Taimako a Linjilar Yahaya a matsayin bushara da Annabi Muhammadu (SAW), alhali Kiristoci suna danganta ta farko da Yesu, ta biyu kuma da Ruhu Mai Tsarki.

A harshen Hausa

James Frederick Schön ya fassara sassan Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa a ƙarni na sha tara. Cikakkiyar fassara ta fito a 1932, aikin da Dokta Walter Miller ya taka babbar rawa a cikinsa, sannan aka fitar da wata sabuwa a ƙarshen shekarun 1970. Sunayen Attaura, Zabura, Linjila da Almasihu, da kalmomi irin su annabi da alkawari, duk Kiristoci da Musulmi masu jin Hausa suna tarayya a kansu, ko da yake kowane ɓangare yana da ma'anar da yake ba su.