Waiwaye: Yadda Zoɓo Ya Baro Kan Iyakar Gona

Mutanen Girka suna alfahari da jan ruwan inabinsu na yankunan Nemea da Naoussa, har a 1971 hukuma ta kafa ƙa'idar da ta ɗaure sunan kowanne da ƙasar da ake noma shi. Wannan giya ce, addini ya raba mu da ita. Amma mu ma a tsakiyar Katsina, daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi, muna da namu jan abin sha na halal, wato zoɓo, kuma tarihinsa ya cancanci a bi sawunsa.

A zamanin kakanninmu, yakuwa ba ta da gonar kanta. A kan iyaka ake shuka ta, ko a tsakanin kunyoyin gero da gyaɗa, domin tana jure jigawa da ƙarancin ruwa. Amfaninta na tukunya ne: ganyen a miya da fate, farin zoɓo a ba miya tsami, 'ya'yan kuma a yi daddawa. Idan baƙo ya sauka, fura da nono ake dama masa, ko farau-farau, ko kunun tsamiya. Jan soɓorodo kuwa akan jiƙa shi jefi-jefi, a sanyaya a randa.

Sauyi ya fara ne da bunƙasar gari. A 1976 Dutsin-Ma ta zama hedikwatar ƙaramar hukuma. Ma'aikata da malamai da ɗalibai suka ƙaru, aikin madatsar ruwa ta Zobe ya jawo baƙi. Lantarki ya kawo firiji, firiji ya kawo ƙanƙara, sukari kuma ya wadata a kantuna. Sai dai a shekarun arzikin man fetur lemon kwalba ne abin fita kunya a gidan biki, zoɓo bai isa ya zauna a faranti ɗaya da shi ba.

Matsin tattalin arziki ne ya ɗaga darajarsa. Bayan shirin SAP na 1986 naira ta faɗi, lemon kwalba ya fi ƙarfin talaka. Matan aure a cikin gidajensu suka ga ƙofa ta buɗe: kwano ɗaya na busasshen zoɓo, citta, kanumfari da sukari sun isa jari. A tafasa, a tace da rariya, a ƙulla a leda, yara su kai bakin makaranta da tasha da kasuwa. Da waɗannan ƙananan kuɗi aka yi adashi, aka haɗa kayan ɗakin 'yan mata masu yawa. Da Jihar Katsina ta ƙaddamar da Shari'a a 2000, zoɓo ya riga ya kafu a matsayin abin sha da malami da almajiri za su ɗaga a bainar jama'a.

Kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011 ya zo da wani zamanin. Gorar roba ta ture leda, ɗanɗano kuma ya yi rassa. Wata mai sana'ar ta jefa ɓawon abarba don ƙamshi, wata kokwamba, wata ta bar sukari ta koma dabino. Gwanaye sun san cewa baƙin zoɓo mai kauri ya fi launi, mai haske ya fi tsami, kuma idan ya daɗe a wuta sai ya yi bauri. Tsamin nan ne sirrin dacewarsa da abinci mai maiƙo: yana wanke baki bayan tsire da kilishi, yana tafiya da masa da ƙosai a buɗa-bakin azumi, yana sassauta zaƙin alkaki da dubulan a ranar biki.

Yau dillalai suna bin kasuwannin ƙauye suna tara buhuna, a kai Kano, a tsince, a wuce da su tashar jirgin ruwa ta Legas, mafi yawa zuwa Meziko. Manomin da a da yake barin yakuwa a gefe yanzu yana ware mata fili, duk da rashin tsaron da ya raba mutane da yawa da gonakinsu na nesa. Abin da ya rage mana shi ne darasin Girkawa: su sun sarrafa nasu a gida, sun liƙa masa sunan ƙasarsu. Mu har yanzu ɗanye muke sayarwa, ba a ko ambaton inda ya fito. Matan da suka raya wannan sana'a tun daga ƙullin leda sun cancanci injin busarwa, da jari, da kwalba mai ɗauke da sunan Kurfi ko Dutsin-Ma.