Tarihin Dodon Awaki Na Tsibirin Fotoriko

Mu da muka tashi cikin harkar dabbobi, muka baro gida muka biyo tireloli na shanu da awaki zuwa kudu, mun san zafin a wayi gari a tarar da dabba ta mutu a turke. Wanda bai taɓa kiwo ba zai ce ai akuya ce kawai. Mai ita kuwa ya san kuɗin haya ne ke kwance a ƙasa, ko kuɗin makarantar yaro, ko abin da aka tanada don suna. Abin da ya fi asarar ciwo kuma shi ne rashin sanin abin da ya kashe ta, domin daga nan ne zato ke shigowa, zato kuwa zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Wannan ne ya sa a wannan fitowa muka ga ya kamata mu kawo tarihin wani dodo da ya firgita makiyaya a can nahiyar Amurka, aka yi shekaru ana farautarsa, har Allah Ya sa aka gano asalinsa.

Inda abin ya faro

Fotoriko tsibiri ne a tekun Karibiyan. Mutanensa da harshen Sifaniyanci suke magana, amma tun shekarar 1898 suna ƙarƙashin mulkin Amurka. A shekarar 1975 an yi ta tsintar gawarwakin dabbobi a kewayen wani gari mai suna Moca, da 'yan huje-huje a jikinsu, jaridu suka ce wani mashayin jini ne ya shigo gari. Aka yi surutu na ɗan lokaci, maganar ta kwanta.

Bayan shekara 20, cikin watan Maris na 1995, sai aka tarar da tumaki 8 a mace, kowacce da huji uku a wajen ƙirji, aka kuma baza cewa an tsotse jininsu ƙarƙaf. Har zuwa lokacin babu wanda ya ce ya ga abin da ke wannan ɓarna. Sai a watan Agusta na shekarar wata mata a garin Canovanas ta ce ta leƙa ta taga ta gan shi ido da ido. Ta ce da ƙafa biyu yake tafiya, bai kai tsayin babban mutum ba, idanunsa manya-manya, yatsunsa zara-zara, ga kuma wasu ƙayoyi jere a gadon bayansa kamar na beguwa. Aka zana hoton abin da ta faɗa, jaridu suka buga. A garin nan kaɗai an ce dabbobi kusan 150 suka mutu.

Sunan da ya bi shi kuwa, wato Chupacabra, ana danganta shi ga wani ɗan wasan barkwanci na ƙasar mai suna Silverio Perez. A harshensu kalmar farko tana nufin tsotsa, ta biyu akuya. Da mu ne da mun ce masa Tsotsi-akuya. To ka ga dodo ya samu kama, ya samu suna, saura me?

Ciyaman ɗin Canovanas na wancan lokaci, Jose Soto, da kansa ya tara jama'a da bindigogi da fitilu, suka shiga daji da dare, suka sa akuya a keji don ta jawo dodo. Aka yi ta fita ana dawowa, ko gashinsa ba a kamo ba.

Yadda ya ƙetare teku

A shekarar 1996 wani shahararren shirin hira na talabijin mai suna Cristina, wanda masu jin Sifaniyanci ke kallo a ƙasashe da dama, ya ɗauko labarin. Ba a daɗe ba aka fara ganin dodo a jihar Fulorida ta Amurka, aka gan shi a Meksiko, daga baya labarinsa ya kai Burazil. A shekarar 2000 ya ɓulla a garin Calama na arewacin ƙasar Cile, inda mutane suka ce Amurkawa ne suka ƙera shi a ɗakin gwaji ya kuɓuce musu, hukuma kuma ta ce karnuka ne.

Mai karatu ya lura da abu ɗaya. Tsakanin Fotoriko da Meksiko teku ne, dodon nan kuma ba a ce yana da jirgi ba. Duk inda talabijin da jarida suka kai labarin, nan ake fara ganinsa, galibi kuma a ƙasashen da ake jin harshen da aka fara ba da labarin da shi. A Meksiko ma abin ya koma siyasa. Kuɗin ƙasar ya faɗi warwas a watan Disamba na 1994, jim kaɗan bayan saukar Shugaba Carlos Salinas, sai masu zane suka riƙa yin hoton dodon da fuskarsa, wai shi ne ya tsotse jinin talakawa.

Dodo ya sake kama

Daga shekarar 2004 sai labari ya juya. A wani ƙauye mai suna Elmendorf kusa da birnin San Antonio a jihar Teksas, wani makiyayi ya harbe wata dabba da ke ci masa kaji. Ƙafa huɗu gare ta, ba gashi a jikinta, fatar ta yi toka-toka ta yi kauri, haƙora a waje. A 2007 aka sake samun irinta a gefen titi kusa da garin Cuero. Nan take aka ce ga Chupacabra an samu, ba wanda ya tsaya tambayar ina ƙayoyin baya, ina tafiya da ƙafa biyu.

Amma wannan karon akwai gawa a hannu, gani kuwa ya kori ji. Aka yanki tsokar ta Cuero aka kai jami'ar jihar Teksas, aka yi gwajin ƙwayoyin halitta, sakamako ya nuna koyoti ce, wata dabbar dawa ta Amurka 'yar uwar dila. Sauran da aka gwada a shekarun da suka biyo baya su ma haka, ko koyoti, ko kare, ko wata sananniyar dabbar dawa.

To me ya mayar da su haka? Ƙazuwa ce. Wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne da ido ba ya gani sosai, yakan haƙa rami cikin fata ya yi ƙwai. A jikin ɗan Adam ƙaiƙayi yake sawa, amma a jikin kare ko dila yakan zubar da gashi gaba ɗaya, fata ta kumbura ta yi ɓawo ta yi wari, dabba ta rame har kamanninta su ɓace. Wani malamin ilmin ƙwari na jami'ar Michigan, Barry OConnor, ya yi bayani a 2010 cewa dabbar da cutar ta ci ƙarfinta ba ta iya bin zomo ko barewa, don haka sai ta gangaro gari inda akuya ke ɗaure, kaza ke cikin akurki. Duk wanda ya taɓa ganin karen bola da ƙazuwa ta cinye, ya kuma haɗu da shi da tsakar dare, ya san abin da ake faɗi.

Ina jinin ya tafi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi rikita mutane, amsarta kuwa tana hannun kowane mahauci. In aka yanka dabba jini yakan yi tsartuwa ne saboda zuciya na bugawa tana turo shi. In dabba ta yi mushe, zuciya ta tsaya, jinin sai ya gangara ɓangaren da take kwance a kai, ya taru a can da cikin kayan ciki, ya daskare. Kai da ka zo da safe ka tsaga wuya ko cinyar da ke sama, ba za ka ga komai ba sai farin nama, ka rantse an tsotse. Da ka juya ta ka farke cikin, da ka ga jinin yana nan baƙi ƙirin.

Huje-hujen wuya kuma aikin fiƙa ne. Kare da danginsa wuya suke kamawa, su shaƙe dabba ko su fasa jijiya jini ya zuba ta ciki. Sau da yawa kuma kare yakan kashe ya tafi bai ci ba, musamman in sun yi gungu suka faɗa garke. Idanu da harshe da dubura da akan tarar babu su, ungulu ne da ƙwari da tsutsa, su dai wuri mai taushi suke fara ci. Wani likitan dabbobi na ma'aikatar gona ta Fotoriko, David Morales, ya duba gawarwaki 300 da aka ce dodon ya kashe, bai tarar an tsotse jininsu ba. Akuya mai nauyin kilo 30 tana da jini kusan lita 2. Jemagen nan mai shan jini da ke ƙasashen Amurka ta Kudu, shi ma lasa yake yi, abin da bai wuce cokali ɗaya ko biyu ba, ya tashi ya bar dabba da ranta.

Matar da ta leƙa ta taga fa?

Wani Ba'amurke mai bincike, Benjamin Radford, ya yi shekara 5 yana bin diddigin wannan labari, ya je har Fotoriko ya zauna da matar, ya fitar da littafi a 2011. Abin da ya gano shi ne a watan Yuli na 1995, wata ɗaya kafin ganin dodo, an fito da wani fim na ban tsoro mai suna Species. A ciki akwai wata halitta mai tafiya da ƙafa biyu, da zara-zaran yatsu da ƙayoyi a baya. Matar da bakinta ta ce ta kalli fim ɗin, ta kuma ce abin da ta gani yana kama da na ciki. Har ma labarin fim ɗin ya faro ne da wata katafariyar na'urar sauraron sararin samaniya da a wancan lokaci take Arecibo a nan cikin Fotoriko.

Ba mu ce matar maƙaryaciya ce ba. Masana halayyar ɗan Adam sun nuna cewa tunanin mutum ba ya ajiye abu yadda kaset ke ajiyewa, duk sanda ka tuno abu sabon haɗi kake yi, abin da ka ji ko ka kalla yana iya shiga ciki ba ka sani ba. A 1974 wata malama mai suna Elizabeth Loftus da abokin aikinta sun nuna wa ɗalibai hoton haɗarin mota. Wasu aka tambaye su gudun motocin lokacin da suka bugi juna, wasu aka ce lokacin da suka ragargaji juna. Waɗanda aka yi wa kalma mai zafi suka faɗi gudu mai yawa, bayan mako ɗaya kuma su ne suka fi cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu gilashi a hoton. Kalma ɗaya ke nan fa. Ina ga garin da kowa ke maganar dodo safe da yamma?

Akwai kuma tsohon miki. Mutanen Fotoriko sun san cewa a kan matansu aka yi babban gwajin ƙwayar hana haihuwa a 1956. Sun san sojan ruwan Amurka sun yi shekaru suna gwajin bama-bamai a tsibirinsu na Vieques, ba su daina ba sai 2003. Wanda aka taɓa yi wa haka, in ka ce masa wata halitta ta kuɓuce daga ɗakin gwajin Amurkawa, ba zai yi maka musu ba. In kuma hukuma ta ce karnuka ne, sai ya ce dama me za su ce?

Abin da ya shafe mu

Kada mu yi wa mutanen Fotoriko dariya, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Su nasu dodon ko ba komai karnuka da diloli ne suka sha harbi. Namu dodon kuwa kan mutum yake faɗawa. Manyanmu sun tuna 1990, lokacin da aka baza a Ikko cewa ana sace wa maza al'aura ta hanyar gaisawa ko gogar kafaɗa, aka yi ta dukan bayin Allah a tasha da kasuwa, wasu har lahira. Mun tuna watan Agusta na 2014 da aka tashe mu da asuba ta waya wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha saboda Ebola, wasu suka sha har suka rasa ransu.

A kararmu ma an taɓa yi. Awaki suka riƙa mutuwa da dare, ba a ci namansu ba, aka fara nuna wata tsohuwa mai sayar da koko wai mayya ce, yara suka fara jifanta. Allah Ya sa wani dattijo cikin mahauta ya ce a farke ɗaya a gabansa, ga jini nan curi-curi a ciki. Aka sa samari gadi, dare na biyu suka ga karnukan bayan kwata suna shigowa ta inda shinge ya karye. An gyara shinge, mutuwa ta tsaya. Tsohuwar kuwa ta riga ta tattara kayanta ta koma gida, har yau ba mu samu damar neman gafararta ba.

Mu fa baƙi ne a nan, ko da an haifi 'ya'yanmu da jikokinmu a garin. Duk ranar da ji-ta-ji-ta ta tashi ana neman wanda za a ɗora wa, mai baƙon harshe da baƙuwar riga ake fara dubawa. Wanda ya san haka bai kamata a ji ƙarya ta fita ta bakinsa ko ta wayarsa ba. Ba mu musun gaibu, aljanu gaskiya ne, sihiri ma akwai shi. Amma addinin da ya sanar da mu wannan shi ne ya umarce mu, a aya ta 6 cikin Suratul Hujurat, da mu binciki labari kafin mu cutar da wasu cikin jahilci mu dawo muna nadama.

Saboda haka muna kira ga shugabannin kara da na ƙungiya, in dabba ta mutu ba a san dalili ba, a kira likitan dabbobi ko tsohon mahauci ya farke ta a gaban shaidu, a duba shinge, a duba sawu, a duba abin da ta ci. A hana kowa ambaton sunan wani kafin a gama wannan. Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu, Ya tsare harsunanmu, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu. Wassalamu alaikum.