Tafin da Ya Rage a Cikin Faifai

Bara, ana gab da shiga damina, wani dattijo mai gyaran rediyo a Zangon Kwatano, abokin mahaifina tun suna samari, ya aiko a ce in zo in kwashe wasu kwalaye kafin danshi ya ƙarasa su. Na hau zemijan daga Vedoko, na tarar da kwali uku a bayan shagonsa: biyu cike da kaset, ɗaya kuma faya-fayan garmaho. Ina cikin bincikawa na ci karo da faifan Fela Kuti da Ginger Baker na 1971, wanda aka sa wa suna Live!, wato wasan da aka ɗauka a gaban jama'a.

Na ce, "Baba, wannan ai dukiya ce. Ina ka samo shi?"

Ya ce, "Legas. Amma ɗana, kada bangonsa ya ruɗe ka. Waɗancan na kwalin ƙasa sun fi shi rai."

Ban gane nufinsa ba sai da na koma na bi tarihin wannan nau'in faifai, wanda zan kira faifan taro.

Asalin abin matsalar lokaci ce. Ƙaramin faifai mai juyi 45 ba ya ɗaukar abin da ya wuce minti uku zuwa huɗu a kowane gefe, gidajen rediyo ma abin da suke so ke nan. To amma makaɗin da aka ɗaure da minti uku a sutudiyo, in ya hau dandamali jama'a suka ɗauki sowa, sai ya ja waƙar nan ta kai minti goma sha biyar. Wanda ya sayi faifai bai taɓa jin wannan ba. James Brown ya fahimci haka da wuri. Mai kamfanin da ke buga masa faifai, Syd Nathan, ya ƙi yarda, don a ganinsa ba wanda zai sayi tsofaffin waƙoƙi da ihun mutane a kai. Brown ya zuba kuɗinsa, aka ɗauki wasansa a zauren Apollo na unguwar Harlem ranar 24 ga Oktoba 1962. Da faifan ya fito a 1963, ya shafe fiye da shekara yana cikin jerin waɗanda aka fi saya a Amurka.

Masu kiɗan rok suka bi sahu, kuma tsakanin 1968 da 1976 ne kasuwar ta yi tashe. Ƙungiyar Cream, wadda Ginger Baker ke kaɗa wa ganga, ta fitar da Wheels of Fire a 1968, faifai biyu, ɗaya na sutudiyo ɗaya na taro, kuma a na taron akwai inda aka bar Baker da gangunansa a waƙa mai minti 16. The Who suka ɗauki nasu a zauren cin abincin ɗaliban Jami'ar Leeds ta Ingila ranar 14 ga Fabrairu 1970, suka sa shi a bango mai kama da takardar ƙunshin kaya, kamar faifan sata. Allman Brothers suka yi At Fillmore East a birnin New York cikin Maris 1971, inda waƙa ɗaya mai kusan minti 23 ta cinye gefen faifai sukutum. Wata bakwai bayan nan mai jitarsu Duane Allman ya rasu a haɗarin babur, faifan ya zama babbar shaidar yadda hannunsa yake in yana gaban mutane. Deep Purple kuwa a Osaka da Tokyo suka ɗauki Made in Japan cikin Agusta 1972, kuma ni a kunnena har yau shi ne gwani a cikinsu, don ba a koma an yi masa kwaskwarima ba.

Na ambaci kwaskwarima ne saboda nan gizo ke saƙar. Da kamfanoni suka ga akwai kuɗi a ihun jama'a, sai aka fara gyara shi. 'Yan ƙungiyar Kiss da bakinsu suka amsa daga baya cewa an sake ɗaukar sassa da yawa na Alive! na 1975 a sutudiyo, har tafin ma an ƙara masa gishiri. A kan Live and Dangerous na Thin Lizzy, na 1978, wanda ya haɗa faifan, Tony Visconti, ya ce mafi yawansa aikin sutudiyo ne, 'yan ƙungiyar suka musanta, gardamar ba ta mutu ba. Mu ma'aikatan rediyo ba mu da bakin zargi sosai, don mun san maɓallin da ake dannawa tafi ya tashi a ɗakin da ba kowa.

Shi kansa faifan da na tsinta a kwalin Baba yana da nasa sirrin. Wanda ya ji shi zai rantse a wani gidan rawa na Legas aka ɗauka. Ba haka ba ne. A sutudiyon Abbey Road na Landan aka yi shi cikin Yuli 1971, aka gayyato mutane kimanin 150 suka zauna don makaɗa su sami wanda za su kalla. Ban ɗauki wannan a matsayin yaudara ba. Kiɗan Fela ba ya tashi sai da mai amsawa, sai aka kawo masu amsawar. Baker ya zauna kan ganga kusa da Tony Allen, Bature ɗan Landan da ɗan Legas, kuma duk mai kunne zai ji cewa baƙon ne ke bin sawun ɗan gida. A ƙarshen wannan shekara Baker ya ratso Sahara da mota ƙirar Range Rover daga Aljeriya zuwa Najeriya, ya kafa sutudiyonsa mai suna ARC a Ikeja, wanda ya buɗe a 1973. A shekarar ce Paul McCartney ya zo Legas ya yi aikin Band on the Run.

A daidai wannan lokaci, a nan Kwatano, lokacin ƙasar tana amsa sunan Dahomey, ƙungiyar Poly-Rythmo ta Mélomé Clément tana zuba faya-fayai kamar ruwan Yuni. Manyan ayyukansu na kamfanin Albarika Store, na Adissa Seidou, a sutudiyon EMI na Legas ake ɗauka. Amma ƙananan 'yan kasuwa da ba su da kuɗin Legas sai su nemo rikoda ƙirar Nagra da makirufo ɗaya ko biyu, a tara makaɗa a falon wani ko tsakar gida, a kaɗa sau ɗaya, shi ke nan. Wanda ya yi kuskure, kuskurensa ya shiga faifai. Kamfanin Analog Africa ya tattara irin waɗannan a The Vodoun Effect a 2008, Turawa suka yi ta mamakin zafin kiɗan. Babu 'yan kallo a ciki, amma babu gyara, abin da Kiss ba za su iya faɗa ba.

Yanzu ga kwalayen ƙasa. Kaset ne na C60 da C90, wasu an rubuta musu suna da biro, wasu da ajami, da yawa ba komai. Akwai na Mamman Shata da na Musa Ɗanƙwairo da na Barmani Choge, waɗanda fatake da direbobin manyan motoci suka sauko da su daga Kano da Maraɗi ta hanyar Gaya da Malanbil. Akwai kuma na makaɗan da ban taɓa jin sunansu ba, waɗanda aka ɗauka a bikin aure ko suna a Zango, wani ya ɗora rikoda kan kujera ya danna. Da na sa na farko sai maganar Baba ta faɗo mini. Abin da Bature ya gano a 1970 ya mai da shi nau'i na musamman, mu a wurinmu shi ne kiɗan gaba ɗaya. Waƙar Shata ba ta fita iri ɗaya sau biyu, domin wanda ke zaune a gabansa yana cikin waƙar. Wani alhaji ya shigo, kalangu ya juya, sunansa ya shiga baiti. Maroƙi ya tsaga da shelar kyauta, 'yan amshi su riƙe gindin waƙa har a gama lissafi, mata su rangaɗa guɗa. A faifan Leeds jama'a suna tafi ne in an gama waƙa. A kaset ɗin biki jama'a ne ke yanke tsawonta, da abin da suka liƙa da wanda suka hana.

Shi ya sa nake ganin waɗannan kaset sun fi faifan kamfani amfani ga mai neman tarihin Zango. A ciki za ka ji sunayen mahauta da dillalan shanu da 'yan canji, da garin da kowa ya fito, da wanda ya auri 'yar wa, da yadda Hausar bakin teku take gauraye da Zabarmanci da Dandanci da Faransanci shekara arba'in da suka wuce. Ba littafin da ya rubuta wannan.

Makwabtanmu na Agadas sun riga mu farga. Faifan Bombino na farko da ya fita waje, a 2009, rabinsa an ɗauke shi ne a fili a Agadas cikin 2007, da hayaniyar jama'a da komai. Mdou Moctar, bayan ya yi suna a Amurka, ya koma ya fitar da Niger EP a 2022, ciki har da wasannin da aka ɗauka a bukukuwan aure a gida. Su kiɗan jitarsu ya sami masu saye a waje. Kalangu da kukuma da ƙwarya ba su sami wannan gata ba, kuma iskar tekun Kwatano ba ta raga wa zaren kaset: funfuna ta hau shi, ya manne, ya tsinke. A kwalin farko kaɗai kusan kashi ɗaya cikin uku sun riga sun mutu.

Sauran nake juyewa a kwamfuta da dare in na taso daga aiki, ɗaya bayan ɗaya, don kaset ba ya yarda a yi masa gaggawa, minti casa'in minti casa'in ne. Makon jiya na sa gutsuren wani a shirina na daren Asabar, bikin da ba a rubuta na wane ne ba. Kafin in rufe shirin wata baiwar Allah ta bugo waya daga Zango, muryarta na rawa, ta ce maroƙin da ke shelar nan sunan mahaifinta ya kira, kuma guɗar da ta biyo baya ta gwaggonta ce, ta san ta ko cikin barci. Ta tambaya ko akwai ci gabansa. Akwai minti shida, daga nan zaren ya tsinke. Na liƙe shi da salatif, zan kai mata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci.