Daga Mudu Zuwa Sikeli: Tarihin Awo, Ci da Ƙoshi a Ƙasar Mai'adua

Mai'adua, wadda ita da Daura da Zango da Sandamu da Baure suka haɗu suka yi ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, tana bakin iyakar Nijeriya da Jamhuriyar Nijar, kuma an fi saninta da kasuwarta da ke ci ranar Lahadi, inda dabbobin ƙasar Damagaram da ke shigowa ta Kwangwalam suke haɗuwa da hatsin ƙasar Katsina da Kano. Wurin da ya rayu a kan ciniki dole ne ya san awo, sai dai awon da mutanen wannan yanki suka gada na abinci ne, ba na jikin mai cin abincin ba. Auna nauyin ɗan Adam da sikeli baƙon al'amari ne da ya shigo daki-daki, da farko ta hannun masu sayen amfanin gona, sannan ta hannun ma'aikatan lafiya, daga bisani ya shiga ɗakin kwana, inda ya zame wa wasu jaraba har ya raba su da jin yunwarsu da ƙoshinsu.

Awon gargajiya na cika ne, wato ana duba yawan abin da mazubi ya ɗauka, ba nauyinsa ba. A gona ana lissafin gero da dawa da dami, a gida ana lissafinsu da rumbu, a kasuwa kuma da mudu da tiya da buhu. Ma'auni yakan nutsa mudu cikin tarin gero, ya ɗago shi, ya ƙara da hannu har hatsin ya yi tozo yana zubowa ta gefe, sannan ya juye a buhun mai saye yana ƙirgawa da ƙarfi don kowa ya ji, idan an gama ya ƙara ɗan gyara saboda a rabu da daɗin rai. Mai saye yana tsaye yana kallo, saboda haka hukuncin awon a idon mutum biyu yake, ba a hannun ɗaya ba. Addini ya ƙara wa wannan tsari ƙarfi, domin zakkar fidda kai da sa'i ake fitar da ita, sa'i kuwa mudun Annabi huɗu ne, haka nan nisabin zakkar hatsi sa'i 300 ne. Awon nauyi bai wuce kan abubuwa masu tsada da ƙanƙanta ba, musamman zinariya da ake aunawa da miskali, wanda ya ɗan haura giram 4, kuma wannan aikin fatake ne da maƙeran fari, ba na talaka ba.

Ko dabba, wadda ƙibarta ce kuɗinta, ba a ɗora ta a sikeli. Dillali a kara yakan zagaya sa, ya matsa gadon bayansa da gindin wutsiyarsa, ya taɓa tozo, ya buɗe baki ya duba haƙora don sanin shekaru, ya sa a kora shi ya ga tafiyarsa, sannan ya yanka farashi. Da irin wannan ido ake duba mutum ma. Idan an ce wane ya yi jiki, ko ya murmure, ko ya faɗa, ko ya rame, ana magana ne a kan cikar wuya da hasken fata da ƙarfin riƙe garma, kuma maganar takan zo da tambayar lafiya ko ta halin gida, domin rama alama ce ta ciwo ko rashi ko ɓacin rai.

Wannan fahimta tana da tushe a tarihin yunwa. Ƙasar Daura ƙasar rairayi ce mai gajeren damina, kuma tana cikin yankin da yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta yi wa mummunar ɓarna, sannan farin 1972 zuwa 1974 ya kashe dabbobi ya tayar da mutane daga garuruwansu. Ko a shekarar da aka samu albarka, akwai lokacin da rumbu ke yin ƙasa a tsakiyar damina, daidai lokacin da noma ya fi cin ƙarfi. Al'ummar da ta san haka ba za ta ɗauki ƙiba abin tsoro ba, shi ya sa cikar jiki ta zama shaidar wadata ga namiji da shaidar kyakkyawan riƙo ga matar aure. Ana tattalin amarya da abinci kafin biki, mai jego kuma takan yi kwana 40 tana wankan ruwan zafi tana shan kunun kanwa tana cin naman kauri domin jikinta ya dawo nono ya kawo.

Duk da haka al'ada ba ta saki cin abinci sakaka ba. A ciyayya, wato haɗuwar magidanta a ƙofar gida kowa da akushinsa a ci tare, mutum yana cin gabansa ne, yana tsame hannu idan ya ji ya isa, kuma ana barin saura domin yara da almajirai. Haɗama da zari abin kunya ne, kuma malamai kan karantar da hadisin da Tirmizi ya ruwaito, wanda ke nuna a raba ciki uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi. Ma'aunin ci a nan ciki ne da kunya, ba lamba ba. Ba za a ce tsarin bai da nakasu ba, domin kunyar kan hana amarya ko suruki ci har ya ƙoshi, dagewar masu gida kan sa baƙo ya ci fiye da buƙata, rashi kuma kan tilasta wa mutane tashi da yunwa. Amma a cikinsa babu wanda ke tambayar wani ƙarfe ko ya halatta ya ci tuwon dare.

Sikeli ya samu gindin zama ne da mulkin mallaka. Bayan Ingila da Faransa sun shata iyaka tsakanin 1906 da 1908, suka raba ƙasar da harshenta ɗaya ne, sai jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe daga 1912. Da yake an koma karɓar haraji da kuɗin Turawa maimakon wuri da hatsi, manomi ya zama dole ya shuka abin sayarwa, kamfanoni irin su John Holt da UAC, wanda aka kafa a 1929, da manyan dillalai irin su Alhassan Ɗantata suka shimfiɗa hanyoyin saye har ƙauyuka, daga baya hukumar cinikin gyaɗa ta 1949 ta riƙa tsayar da farashi. Gyaɗa da auduga da nauyi ake sayensu, a ɓangaren Ingilishi da laba, a ɓangaren Faransa wajen Matamaye da Magarya da kilo, har zuwa shekarun 1970 da Nijeriya ma ta koma kilo. Abin lura shi ne yadda iko ya sauya hannu: mudu kowa na ganin cikarsa, amma allurar sikeli malamin awo ne ke karanta ta ya rubuta a takarda, manomin da bai yi boko ba sai dai ya karɓi abin da aka faɗa masa, shi ya sa ƙorafin maguɗin sikeli ya daɗe a bakin manoma. Daga nan aka fara sabawa da cewa lamba ta fi ido gaskiya.

Mataki na biyu shi ne asibiti. A ƙarshen shekarun 1950 wani likitan yara ɗan Ingila, David Morley, da ke aiki a Imesi-Ile a yammacin Nijeriya, ya ƙirƙiro katin bin girman yaro, inda ake ɗiga nauyinsa wata-wata a ga ko layin yana hawa, kuma a 1982 UNICEF ta sanya wannan awo cikin manyan matakanta na ceton yara. Ta haka sikelin ratayawa mai wandon zane, wanda ake zura jariri a ciki yana lilo yana kuka, ya isa ɗakunan shan magani na karkara, masu juna biyu kuma suka saba da zuwa awo. Bayan matsalar abinci ta 2005 a Maraɗi da Damagaram, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar dubban yara da haɗin gyaɗa da madara da mai da sukari, Nijeriya ta fara shirin kula da tamowa a cikin al'umma a 2009. Tamowa ita ce ramar da ƙarancin abinci mai gina jiki ke jawowa, kuma ana gano mai tsananinta da tsiri mai launi uku da ake naɗawa a damtsen yaro, idan bai kai santimita 11.5 ba sai ya faɗa ja. A wannan fage sikeli alheri ne, domin yana nuna faɗuwar da idon uwa mai ganin ɗanta kullum ba zai lura da ita da wuri ba.

Mataki na uku daga waje ya taho da nasa tarihin. Adolphe Quetelet, masanin lissafi ɗan Beljiyam, shi ne a shekarun 1830 ya fitar da hanyar raba nauyi da tsawo sau tsawo, don nazarin jama'a a dunƙule ba don yi wa mutum ɗaya hukunci ba, sai Ancel Keys na Amurka ya farfaɗo da ita a 1972, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma ta ɗauki 25 a matsayin farkon nauyin da ya wuce kima, 30 farkon teɓa. Kamfanonin inshora na Amurka sun buga jadawalin nauyin da suka ce ya dace, ƙaramin sikelin gida ya bazu tun shekarun 1920. Ya iso garuruwan Hausa ta shagunan magani da yaran da ke yawo da shi a tasha da kasuwa ana hawa a biya, sannan wayar hannu ta kawo hotunan jiki da tallan shayin rage tumbi. Matashiya a yau tana tsakanin matsi biyu, tsohon da ke son cika, wanda ya haifar da shan ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe masu illa ga jiki, da sabon da ke son sirantaka, kuma duka biyun sikeli suke kai ta.

Jarabar awo tana da yadda take kama mutum. Nauyin baligi kan motsa da kilo 1 zuwa 2 a yini ɗaya saboda ruwa da gishiri da abin da ke cikin hanji da jinin al'ada, wanda babu ruwansa da kitse. Mai hawa sikeli safe da yamma wannan motsin yake karantawa, idan lamba ta hau ya ƙi cin abinci, idan ta sauka ya ji sanyi na ɗan lokaci sannan ya koma ya tabbatar, kuma wannan ɗan sanyin shi ke ɗaure ɗabi'ar. Hana kai abinci kuwa yana da sakamako sananne: a gwajin Minnesota na 1944 zuwa 1945, inda aka rage wa maza 36 abinci, tunanin ci ya mamaye su, wasunsu suka riƙa ci ba tsayawa bayan an sake su. Jiki yana da nasa saƙonni, irin sinadarin girelin da tumbi ke fitarwa don tayar da yunwa da leftin da kitse ke fitarwa don sanar da ƙwaƙwalwa yawan ajiya, amma wanda ya daɗe yana take su ba ya ƙara gane su da sauƙi.

A 1995 wasu masanan abinci biyu na Amurka, Evelyn Tribole da Elyse Resch, suka wallafa littafin Intuitive Eating, suka tsara hanyar cin abinci bisa jin jiki cikin ƙa'idoji 10, waɗanda ginshiƙinsu shi ne a ci idan yunwa ta zo kafin ta yi tsanani, a dakata a tsakiyar ci a saurari ƙoshi, a daina raba abinci zuwa na laifi da na kirki, a nemi wata mafita ga baƙin ciki ban da ci, a motsa jiki don jin daɗinsa. Bahaushe ya riga ya ce yunwa a ba ki a huta. Game da sikeli, hanyar jinyar matsalar cin abinci da Christopher Fairburn ya tsara a Oxford ta taƙaita awo zuwa sau ɗaya a mako tare da mai jinya, ana duba alkiblar makonni ba lambar rana ɗaya ba. Masu fita daga jarabar kan fara da fitar da sikeli daga ɗaki, su tsayar da lokutan ci don alamun yunwa su dawo, su koma cin abinci cikin mutane, su jure damuwar kwanakin farko wadda ke lafawa idan ba a biya mata buƙata ba.

Wannan hanya tana da iyaka da ya kamata a faɗa. Tana buƙatar a samu abincin tukuna, alhali a ƙasar Daura akwai gidajen da tsadar tiyar gero ce ke yanke musu yawan ci. Mai ciwon sukari ko hawan jini ko ciwon zuciya yana buƙatar tsarin likita, wanda kuma ƙin cin abinci ya ramar da shi ba zai dogara da jin yunwarsa ba sai an yi masa jinya. Abin da tarihin ya nuna shi ne sikeli kayan aiki ne da ke amfani idan akwai tambaya takamaimiya da wanda ya san fassara amsar, kamar girman jariri ko lafiyar mai ciki ko adadin magani. Tambayar ko mutum ya ƙoshi ba ta cikin waɗannan, kuma mutanen Mai'adua sun daɗe suna amsa ta tun kafin sikelin farko ya iso kasuwarsu.