Ɗaukewar Lantarki a Jirgin Koyon Tuƙi: Nazari Daga Zariya Zuwa Samaniyar Gobir

Tsakure

Maƙalar ta duba halin da ɗalibin tuƙin jirgi ke shiga idan wuta ta ɗauke masa a sama. Ta nuna cewa tsohon darasin nan na "inji ba ruwansa da batir" ya daina aiki a kan wasu jiragen da ake koyo da su a yau, sannan ta gwada lissafin a sararin Kurawa, ƙasar Sabon Birni.

Jirage biyu, hukunci biyu

Kwalejin Fasahar Sufurin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta daɗe tana yaye matuƙa da jirgin Tampico TB-9, ƙirar Faransa. Injinsa na fetur ne, kuma fulogoginsa na samun tartsatsi daga magneto guda biyu da injin ke juyawa da kansa. Idan altaneta ta mutu, batir ya ƙare, rediyo zai yi shiru, ma'aunin mai ya kwanta, amma farfela ba ta fasa juyawa.

Diamond DA40 NG da DA42 NG da kwalejin ta kawo daga baya ba haka suke ba. Kwamfuta ce ke auna wa injinsu mai, ita kuwa ba ta rayuwa sai da wuta. A watan Maris na 2007, a Speyer ta Jamus, an tada wani DA42 mai mataccen batir ta hanyar jona masa wuta daga waje. Yana tashi, matuƙin ya naɗe tayoyi, ƙarfin wutar ya faɗi na ɗan ƙiftawar ido, injina biyun suka mutu tare. Bayan wannan ne aka wajabta sanya wa kwamfutar injin batirin ko-ta-kwana. Duk da haka, abin da ake lissafi da shi bayan mutuwar altaneta bai wuce kimanin minti 30 ba.

Minti 30 a kan Kurawa

A ƙaddara ɗalibi yana tafiyar nesa shi kaɗai, fitilar gargaɗin altaneta ta kunnu yana saman Kurawa. Daga yankin Sabon Birni zuwa filin jirgin Sultan Abubakar III na Sakkwato akwai kusan kilomita 140. A gudun kilomita 220 cikin awa, tafiyar ta doshi minti 40. Mai Tampico zai isa, ko da kurma ne. Mai Diamond kuwa lissafinsa bai cika ba. Maraɗi ta fi kusa, wajen kilomita 90, sai dai Nijar ce, kuma ƙetara iyaka ba izini yana buƙatar shelanta halin gaggawa tun rediyo na da rai. Sauka a daji tsakanin Isa da Sabon Birni, a yanayin tsaron da ake ciki, ba shawara ba ce da za a ɗauka da wasa.

Shi ya sa mintunan farko suka fi tsada. Ya riƙe jirgin tukuna, ya buɗe takardar matakan gaggawa, ya gwada farfaɗo da altaneta kamar yadda ta tsara. Makatsin wutar da ya sake fitowa bayan an danna shi, a ƙyale shi; naci a nan gobara yake jawowa. Sai ya faɗa wa masu kula da zirga-zirga inda yake da inda ya nufa, ya sa lambar gaggawa ta 7700, ya kashe duk abin da ba dole ba. Lambar 7600 ta mutuwar rediyo ce kawai.

Idan allon Garmin na Diamond ya yi baƙi, saura kamfas, agogo da taswirar takarda. Gulbin Rima jagora ne: daga Sabon Birni ya bi ta madatsar Goronyo har Sakkwato. Amma daga Disamba zuwa Fabrairu, hazon da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na Chadi kan shafe gulbin da komai, kuma a ra'ayin wannan nazari bai kamata a saki ɗalibi shi kaɗai ta wannan hanya a irin ranakun ba.

A bakin fili, hasumiya da fitila take magana: kore tsayayye, sauka, ja tsayayye, ci gaba da kewaye, ja mai ƙyaftawa, filin ba lafiya. Da rana matuƙi kan amsa da kaɗa fukafukai. Leɓatun fukafukan jiragen biyu da wuta suke aiki, don haka zai shigo da gudu fiye da yadda ya saba, ya kuma ci titi mai tsawo kafin ya tsaya.